Kafin Ruwan Shuka, A Duba Burkin Keke



Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowane magidanci ya san abin da ke gabansa. Sai a ciro iri daga rumbu, a kai hauya maƙera, a sake ƙotar sungumi, a toshe inda ɗaki yake yoyo. Ba wanda yake jira sai ruwa ya sauka sannan ya tafi neman iri. Amma akwai kayan aiki guda ɗaya da muke mantawa da shi kowace shekara. Shi ne keke.

Keke ne yake kai mu gona mai nisa. Shi ne yake ɗauko mana ruwa da itace da ciyawar dabbobi. Da shi muke zuwa kasuwar Filinge ranar Lahadi, da shi yara suke zuwa makaranta, da shi ake kai mara lafiya likita. Duk da haka mukan shiga damina da keken da ba shi da burki, tayarsa ta suɗe, fitila kuwa babu labarinta.

Ra'ayina a wannan shafi guda ɗaya ne. Keke kayan noma ne, gyaransa kuma aikin shirin damina ne. Manomin da ya faɗi ya karye a watan Yuli, ba hannu kaɗai ya karya ba. Ya karya abincin gidansa na shekara.

Waɗanda suka zauna ajin yaƙi da jahilci sun san cewa "hadari" da "haɗari" ba ɗaya ba ne. Lanƙwasa ƴar ƙarama a kan harafi ita ce ta raba su. Na farko albarka yake kawowa, na biyu kuka. A kan hanya ma abin da ke raba su bai fi wannan lanƙwasa girma ba: ƴar robar burki ce, da ɗan haƙuri.

ABIN DA YA SAME NI

Ba labarin wani zan ba ku ba, nawa ne. Wata shekara, hatsi ya fara tasowa, noman farko ya kama. Na je kasuwa na auno abinci, na ɗaure shi a bayan keke. Da la'asar aka yi ruwa, na fake a wata rumfa. Ruwa na ɗaukewa sai na hau, ina sauri in isa gida kafin magariba.

Na san burkin bayana ya daɗe da mutuwa. Watanni ina cewa gobe zan kai shi gyara. Ina cikin gangara a kan kwalta sai wata akuya ta ratso hanya. Na matse burkin gaba, bai kama ba. Na ƙara matsewa da ƙarfi, sai ya kama gaba ɗaya. Tayar gaba ta zame, na tafi ƙasa, na tokare da hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena.

A likita aka ɗaure mini hannu, aka ce sai na yi kamar mako shida ban riƙe hauya ba. Mako shida a damina kuwa shi ne noman farko da maimai. Ciyawa ba ta san mara lafiya ba. Sai da na sayar da tunkiya na biya ƴan barema, ƴan'uwa kuma suka yi mini gayya a gona ɗaya. Ɗayar gonar ƙarangiya ce ta gaje ta. Da kaka ta yi, damman da na ɗaure ba su kai mu bazara ba.

Da na warke na kai keken wurin mai gyara. Kuɗin da ya karɓa bai wuce na ƴan tiyoyin hatsi ba. Na tsaya ina kallon robar da ya cire, ina tuna tunkiyata. Gaskiyar Hausawa da suka ce da-na-sani ƙeya ce.

ME YA SA HANYA TAKE SAKE HALI IN TA JIƘE?

Wanda ya san dalilin abu ya fi wanda aka tsoratar da shi kiyayewa. Abubuwa huɗu ne suke kayar da mai keke a damina.

Na ɗaya, santsi. A ƙasarmu akan yi wata takwas ko fiye ba a ga ɗigon ruwa ba. Duk tsawon wannan lokaci ƙura tana kwanciya a kan kwalta, motoci suna ɗigar da baƙin mai, dabbobi suna zubar da kashi. Ruwan farko ba ya wanke su nan take. Kwaɓa su yake yi, su zama kamar miyar kuɓewa a ƙarƙashin taya. Shi ya sa yayyafi ya fi ruwa mai ƙarfi yaudara. Mutum yana ganin hanya ba ta jiƙe sosai ba, alhali lokacin ne ta fi santsi. Farin fentin da ake shafawa a kan kwalta, da duk wani murfin ƙarfe, su ma santsi gare su in sun jiƙe. Hanyar jan ƙasa kuwa, inda take da laka, sai ta koma kamar sabulu.

Na biyu, burki. Yawancin kekunanmu burkinsu roba ce da take matse ƙarfen ƙafa daga gefe biyu. In ƙarfen ya jiƙe, ruwa yakan shiga tsakaninsa da robar. Sai ƙafar ta juya ƴan zagaye kafin robar ta share ruwan ta kama. A wannan ɗan lokaci keke yana tafiya kamar ba a taɓa burki ba. Mai keke sai ya firgita ya matse da ƙarfi, burkin ya kama farat ɗaya, taya ta daina juyawa ta zame. Abin da ya same ni ke nan.

Na uku, rairayi. Filinge tana cikin Dallol Boso, wato tsohon kwarin da ya taso daga arewa ya nufi kogin Kwara. Ƙasan kwarin rairayi ne, gefensa kuma tudu ne da duwatsu. In an yi ruwa, sai ya gangaro daga tudu da gudu, ya kwaso rairayi da tsakuwa ya shimfiɗa a kan hanya. Inda jiya kwalta ce tas, yau rairayi ne. Siririyar tayar keke in ta shiga rairayi da gudu, kan keke yakan juya ba da son mai shi ba.

Na huɗu, rami. Ruwan da ya kwanta a kan hanya bai da fuska biyu: mai zurfin yatsa da mai zurfin gwiwa duk kama ɗaya suke yi. A ƙarƙashinsa akwai rami, ko dutse, ko fasasshiyar kwalba, ko bakin kwalta da ruwa ya zaizaye. Wannan ya fi yawa a cikin gari, kusa da kasuwa da tasha. Ƴan'uwanmu da suke aiki da keke a Yamai sun fi kowa saninsa, domin can akwai lambatu da ba shi da murfi, kuma ruwa yakan rufe shi ruf.

A ƙara da wannan lissafi: in ka ninka gudunka sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. In kuma akwai kaya, ya fi haka wuya. Bido mai lita 25 nauyin ruwansa kilo 25 ne. Wanda ya ɗaura huɗu ya ɗauki kilo 100 ke nan, ban da nauyin kansa. Ƴar robar da ba ta fi yatsa ba ita ake so ta tsayar da wannan duka.

BA ƘARAMAR MAGANA BA CE

Wani zai ce faɗuwar keke ai abin dariya ne, a tashi a kakkaɓe riga. Wani lokaci haka ne. Amma mu dubi abin da masu ƙididdiga suka gano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda ba ƙarfen da ya kewaye jikinsu. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. In kuma aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ita ce ta fi kowace asarar rayuka, ko da yake motocinta ba su kai na sauran ba.

A nan gida akwai ƙarin dalili. A farkon shekarar 2020 hukuma ta hana yawo da babur a yankuna da dama na jihar Tilaberi saboda matsalar tsaro. Mutane da yawa a lokacin suka koma ga tsohon kekensu da ga amalanke. Wannan ya nuna mana cewa keke shi ne abin hawan da ba ya gudun talaka. Abin da ka dogara da shi haka, bai kamata ka wulaƙanta shi ba.

Sannan ga hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara da Bonkuku ta iso Filinge, tafiyar kilomita kamar 180. A kanta manyan motoci da motocin kasuwa suke gudu. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin mita wajen 17 kafin ka ce "ɗaya". In mai keke ya zame a gabanta, direba ba shi da lokacin yin komai. Faɗuwar da za ta zama ƙujewa a cikin gona, a kan wannan hanya tana iya zama jana'iza.

AMSA GA MASU UZURI

Na zauna da mutane a majalisa na yi wannan magana, na kuma ji amsoshinsu. Uku ne suka fi yawa.

Wasu sun ce: "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ban musa ba. Amma me ya sa ba mu faɗin haka a kan rumbu? Muna ɗaga rumbu a kan duwatsu saboda gara. Muna ɗaure jaki da dare. Muna kai shanu allurar rigakafi. Ba wanda ya ce wannan rashin tawakkali ne. To, wanda ya hau keke yana sane babu burki, ya sa diddige a kan taya don ya tsaya, in ya faɗi kada ya ɗora wa tsautsayi laifi. Sakaci sunansa sakaci.

Wasu sun ce: "Babu kuɗi." Wannan uzuri ne mai nauyi, domin farkon damina shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Amma a yi lissafi. A gefe ɗaya a sa kuɗin robar burki da wayarta. A ɗaya gefen a sa kuɗin mota zuwa asibiti, da kuɗin magani, da ladan ƴan barema, da damman da za a rasa. Wanne ya fi? Shawarata ita ce a yi gyaran tun da kaka ko da rani, lokacin da aka sayar da wake ko aka dawo daga cin rani da ɗan abu a aljihu. Tun ran gini ran zane.

Wasu kuma, galibi samari, sun ce: "Ni gwani ne, tun ina yaro nake hawa." Ɗana, santsi bai san gwani ba. Gwanin gaskiya shi ne wanda ya san inda zai sauka ya tura.

GYARA BAKWAI KAFIN SHUKA

1. Burki. A duba gaba da baya, duka biyun. Ka matse, ka tura keke. In ya tafi, burkin ya mutu. In robar ta cinye, a sake ta. In waya ta fara tsintsinkewa, kada a jira ta katse.

2. Taya. In zanen taya ya shafe, ta yi sumul, ko zare ya fara leƙowa, ta gama aiki. In kuɗin taya ɗaya gare ka, sa sabuwar a gaba, domin zamewar gaba ita ce mai kayarwa nan take. Kada a cika iska har ta yi tauri kamar dutse. In an rage kaɗan takan fi kama ƙasa.

3. Ƙarfen ƙafa. A goge shi da tsumma. Mai ko laka in sun taɓa shi, burki ba ya kamawa. In ƙafar ta karkace, a kai a miƙe ta.

4. Sarƙa. A wanke rairayi, a ɗiga mata mai kaɗan. Sarƙar da ta saki takan zame daidai lokacin da kake son kauce wa mota.

5. Feda. Fedar da ta zama sandar ƙarfe tsirara, ƙafa ba ta zama a kanta in ta jiƙe. A sa mata roba.

6. Kan keke da sirdi. A ɗaure su tamau. Ka riƙe tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan. In ya juya, a ƙara ɗaurewa.

7. Fitila da ƙararrawa. Farar fitila a gaba, ja ko abu mai ƙyalli a baya. Wanda ba shi da fitilar keke ya ɗaura tocila.

YADDA AKE TAFIYA A JIƘAƘƘIYAR HANYA

In hadari ya taso, a nemi mafaka a gida ko rumfa mai ƙarfi. Kada a fake ƙarƙashin itacen da yake tsaye shi kaɗai a fili, saboda tsawa. Iskar da take zuwa gaban ruwa ma tana iya tura mai keke tsakiyar hanya, ga ƙura tana rufe ido. Bayan ruwa ya ɗauke, a ɗan dakata hanya ta tsane.

In ka hau, rage gudu. Fara taɓa burki tun da nisa, a hankali, kana matsewa kana saki, don robar ta share ruwa. Yi amfani da burki biyu tare, kada ka fizgi na gaba shi kaɗai. Rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. In ka ga rairayi ko laka, miƙe kan keke sak, kada ka yi burki da ƙarfi a ciki. In sun yi yawa, sauka ka tura. Ba wanda aka taɓa kaiwa asibiti don ya tura keke.

Bi hannun dama, domin ita ce dokar hanya a ƙasarmu. Kada ka kauce wa ruwa ka faɗa tsakiyar hanya ba tare da ka waiwaya ba. Kafin ka juya, miƙa hannu don na baya ya san nufinka. Kada ka kama jikin mota ko amalanke don su ja ka.

Hannu biyu a kan keke. Laima da wayar salula da rediyo su jira. Mai babbar riga ya tattare ta, mai rawani ya naɗe jelarsa, kada su shiga sarƙa ko wayoyin ƙafa. Da magariba ko cikin ruwa, farar riga ta fi baƙa, domin direba yana kallo ne ta gilashin da ruwa ya dusashe, kai kana ganinsa, shi ba ya ganinka.

Kaya kuma a rage. A ɗaure su ƙasa-ƙasa, nauyin dama daidai da na hagu. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da karaya. Wanda ya sami hular kwano ya sa, ya ɗaure igiyarta. Ba ta mai babur kaɗai ba ce. Hannu in ya karye yana ɗoruwa, kai kuwa ba shi da maɗori.

ƘORAMA BA ABOKIYAR WASA BA CE

Wannan ya cancanci a ware shi daban. Tsakanin ƙauyukanmu, ko ta wajen Cikal, ko Luma, ko Tukunus, akwai wuraren da ruwa yake ratsa hanya bayan an yi ruwa a kan tudu. Wani lokaci ko ɗigo bai sauka inda kake ba, sai ka ga ƙorama ta kawo. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana iya kayar da ƙato. In kana riƙe da keke, ruwan yakan daki keken ya ja ku tare. Da yawa garin ceton keke ko buhu suke rasa ransu.

Ba mu manta da daminar 2024 ba. A watan Agusta na shekarar ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai. A ƙasa baki ɗaya mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwan da ya ci kwalta, keke ba komai ba ne a wurinsa. Ƙoramar ƙasarmu ba ta daɗewa, sau da yawa cikin ƴan sa'o'i take janyewa. Zauna ka jira. Gara a ce ka kwana a hanya da a ce ana nemanka.

YARA DA MATA

Iyaye, ku ne da alhakin keken da yaro yake hawa. Makaranta takan buɗe a ƙarshen damina, lokacin da hanyoyi suka gama lalacewa. Kada a ba yaro keken da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba. Kada a aike shi da kaya masu nauyi bayan ruwa. Kada a bar yara uku a kan keke ɗaya.

In an goya ƙaramin yaro a baya, a lura da ƙafafunsa. Diddigen yaro in ya shiga wayoyin ƙafa, yakan yi mummunan rauni mai wuyar warkewa. A sa masa takalmi, a yi masa wurin ɗora ƙafa. Mace in za a ɗauke ta, ta tattare zane da mayafi. Mai ciki ko mai goyo kuwa, in hanya ta jiƙe, amalanke ya fi mata keke.

Uwargida, ke ma kina da baki a wannan magana. In kin ga maigida yana tsayar da keke da ƙafa, ki tuna masa. In ya kwanta, ke ce za ki ɗauki jinya da gona gaba ɗaya.

IN HAƊARI YA AUKU

Da farko a tsayar da abin hawan da ke zuwa, kada a sake taka wanda ya faɗi. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a naɗe shi a cusa a mota. A nemi ƙyaure ko faffaɗan katako, mutane da yawa su ɗauke shi a miƙe, ɗaya yana riƙe da kansa kada ya motsa.

In jini yana zuba, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a ci gaba da dannewa. Ƙujewa kuma a wanke ta sosai da ruwa mai tsabta da sabulu, har ƙasa ta fita, sannan a rufe. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin dabba, ko baƙin mai, ko garin batir. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda a likita ake kira tetanos, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Takan shiga ta ƙaramin rauni, ta bayyana bayan ƴan kwanaki har zuwa mako uku, kuma tana kisa. Saboda haka a je likita a ranar, a tambayi maganar allurarta.

Wanda ya bugu a kai, a sa masa ido kwana biyu, ko da ya tashi yana dariya. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko barci yana rinjayarsa, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, ko yana fizge-fizge, a garzaya da shi asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa ko fura.

Maganar karaya, na san mutanenmu sun yarda da maɗora, ban kuma zo in ci mutuncin kowa ba. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta cinya, ko ta kusa da gaɓa, ko ta ƙaramin yaro, ta asibiti ce. A tallafe wurin da kara ko katako, a kai shi asibitin gundumar Filinge ko likitar da ta fi kusa. Ko wane ne ya yi ɗori, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka yi baƙi, ko suka daina ji, ɗaurin ya yi tsanani. A sassauta nan da nan a tafi asibiti. Jinkiri a nan shi ne yake sa a yanke hannu.

KOWA DA NASA HAƘƘI

Ba zan ɗora wa mai keke kaya duka ba. Direba, kai ne mai ƙarfi a hanya, mai ƙarfi kuwa shi ake tambaya. In ka shigo gari, ko ka iso ƙauye ranar kasuwa, sassauta. In za ka wuce mai keke, ba shi fili, domin yana iya kauce wa rami. Kada ka watsa masa ruwa, kada ka matsa masa oda a kunne ya firgita. Mai amalanke, kai ma ka rataya abu mai ƙyalli a baya, kada ka bar yaro shi kaɗai da jaki a kan kwalta da dare.

Hukumomin garuruwanmu, muna roƙo a yashe magudanan ruwa tun kafin watan Yuni, a cike ramukan cikin gari, a kwashe rairayin da ruwa ya tara a kan kwalta, a kafa alama a inda ƙorama take ratsa hanya. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasa, wato ANISER, da gidajen rediyon karkara, su riƙa tunawa da mai keke in suna gargaɗi, ba mai mota da mai babur kaɗai ba.

Mu ma talakawa ba sai mun jira ba. Samarin unguwa suna iya fitowa da shebur su kwashe rairayin bakin kasuwa cikin safiya ɗaya. Wanda ya ga rami ya kafa reshe a ciki don na baya ya gani. Ƙungiyar manoma tana iya kiran mai gyaran keke rana ɗaya kafin shuka, kowa ya kawo nasa a duba. Malaman yaƙi da jahilci kuma su karanta wannan shafi tare da ɗalibai, kowa ya faɗi wurin da ya fi kayar da mutane a hanyar ƙauyensu.

Ɗan'uwa mai karatu, in ka ajiye wannan jarida, je ka inda kekenka yake jingine. Matse burkin dama ka tura. Matse na hagu ka tura. Dubi taya. In ka ga gyara, ranar kasuwa mai zuwa ka fara da rumfar mai gyara kafin rumfar mai tsire. Gonarka tana bukatar hannuwanka biyu daga shuka har girbi, iyalinka kuma suna jiran dawowarka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu gida lafiya.